Peter Mitchell (1920–1992): Masanin da Ya Gano Madatsa a Cikin Ƙwayar Halitta

An haifi Peter Dennis Mitchell a garin Mitcham na ƙasar Ingila ranar 29 ga Satumba, 1920. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, inda ya sami digiri na uku a 1951, sannan ya kama aiki a Jami'ar Edinburgh a 1955.

A wancan zamani, masana sun san cewa mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, su ne ke sarrafa abinci da iskar oksijin su samar da ATP, sinadarin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Abin da ya gagare su shi ne sanin yadda hakan ke faruwa. Sun daɗe suna neman wani sinadari mai shiga tsakani, ba su same shi ba.

A 1961, Mitchell ya bayyana a mujallar Nature cewa babu wannan sinadari. A ganinsa, ƙarfin da ake tatsa daga abinci yana tura ƙwayoyin furoton ne zuwa ƙetaren siririyar fatar cikin mitokondiriya, su taru a can. Wanda ya san madatsar Challawa da ke Karaye zai fahimci misalin: fatar ce bango, furoton ne ruwan da aka tare. Yayin da suke kwararowa baya ta ƙofa guda, ƙarfinsu ke haɗa ATP.

Manyan masanan fannin suka yi watsi da wannan ra'ayi. Ciwon gyambon ciki kuma ya raba shi da jami'a a 1963. Bai karaya ba. Ya gyara wani tsohon gida mai suna Glynn a yankin Cornwall, ya mayar da shi cibiyar bincike da dukiyarsa, shi da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle, wadda gwaje-gwajenta suka ƙarfafa hujjarsa. Gwajin André Jagendorf na 1966 a kan sassan ganye da ke sarrafa hasken rana ya ƙara gaskata shi.

An ba shi lambar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1978. Ya rasu a Glynn ranar 10 ga Afrilu, 1992, bayan ya ga ra'ayin da aka ƙi ya zama darasi a littattafan ɗalibai.