Lottie Moon: Baiwar Allah Wadda Baikon Mata Ya Tallafa

An haifi Charlotte Moon, wadda aka fi sani da Lottie, ranar 12 ga Disamba 1840 a jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka. Iyayenta masu hali ne, suka ba ta ilimi irin wanda ba kasafai 'ya'ya mata ke samu ba a wancan zamani. Ta ba da gaskiya ga Almasihu a 1858, ta kuma sami digiri na biyu a 1861. Ta ƙware a harsuna da dama, har da Girkanci, harshen Sabon Alkawari.

Yaƙin basasar Amurka ya cinye dukiyar gidansu, sai ta kama aikin koyarwa. Tana malanta a garin Cartersville na jihar Jojiya ta ji kiran Ubangiji. A 1873 hukumar mishan ta Baptis ta aike ta ƙasar Sin. Ilimi da kira duk tana da su, amma guzuri ya yi ƙaranci. Matan ikilisiyoyin Jojiya ne suka haɗa hannu, suka ɗauki nauyin tallafa mata.

Ta fara aiki a Tengchow da koyar da yara. Daga 1885 ta shiga yankin Pingtu, ta sa tufafin mutanen ƙasar, tana bi gida gida da bishara, domin al'ada ba ta yarda namiji baƙo ya zauna da matan gida ba. Girbi ya yi yawa, ma'aikata kuwa kaɗan ne. Saboda haka a 1887 ta rubuta wa matan Baptis wasiƙa, ta roƙe su su keɓe makon da ke gaban Kirsimeti don addu'a da baiko. A 1888 aka kafa ƙungiyar mata ta WMU, baikonsu na fari ya kai dala 3,315, abin da ya isa a aiki mata uku. A 1907 ƙungiyar ta buɗe makarantar horar da mata ma'aikatan bishara a birnin Louisville.

Shekarunta na ƙarshe sun zo da yunwa da annoba a ƙasar Sin. Ta taimaki mabukata da abin hannunta, lafiyarta kuma ta yi ta raguwa. Ta rasu ranar 24 ga Disamba 1912 cikin jirgin ruwa a tashar Kobe ta Japan, a hanyar komawa gida. A 1918 aka sa wa baikon sunanta. Shekara guda bayan haka matan Baptis na Nijeriya suka kafa tasu ƙungiyar.

'Yan'uwa masu sujada da Hausa a Fatakwal, Anacha da Inugu, matan da suka zo daga Arewa suna bukatar mace mai ilimin Littafi Mai Tsarki wadda za ta koya musu cikin harshen da suke ji. Makarantun tauhidi na Kaduna da Ogbomoso suna nan, amma kuɗin makaranta, littattafai da abinci sukan tsare 'yar da Allah ya kira. Bari kowace zumuntar mata ta zaɓi ɗaliba guda, ta ɗauki nauyinta har ta gama. Iyaye maza kuma kada su ja da baya.