Abdou Moumouni Dioffo, masanin da ya sa rana aiki a Nijar

Sunansa ne ke kan ƙofar babbar jami'ar Yamai tun 1992, amma matasa da dama ba su san aikin da ya yi ba.

An haifi Abdou Moumouni a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, sannan ya wuce Paris, inda ya ci jarrabawar agrégation ta kimiyyar fizik a 1956. A 1964 ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda ya nemi a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. Bayan ya yi aiki a Bamako, ya dawo gida a 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana, har 1985. Ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982.

A ONERSOL an ƙera tukunyar dumama ruwa, da murhun rana, da na'urar tace ruwa ta hanyar tururi. Wannan ta ƙarshe tana aiki da wata ƙa'ida da Joseph Black na Sikotland ya bayyana wajen 1760: ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi mai yawa, wanda ma'auni ba ya nunawa. Masana na kiransa ɓoyayyen zafi. Kafin lita guda ta tashi daga digiri 0 zuwa 100, tana buƙatar kilojul 420. Kafin ta ƙone ƙurmus ta zama tururi, sai ta sha kusan 2,260, fiye da ninki biyar, alhali ma'auni na tsaye a 100.

A cikin na'urar, rana na ratsa gilashi ta dumama ruwa mai gishiri ko datti. Tururi ya tashi ya bar dattin a ƙasa, ya taɓa gilashi mai sanyi, ya saki zafin da ya sha, ya koma ɗigon ruwa mai tsabta.

Matan Sukukutane da sauran ƙauyukan Arewa sun daɗe da cin moriyar ƙa'idar nan. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, ya tafi da zafin na ciki. Shi ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da bazara, lokacin da iska ke bushe, ta rage ƙarfi da damina.

Damuwar Furofesa Moumouni ita ce ƙasa mai rana haka ta riƙa sare itatuwanta don girki, tana sayen fetur daga waje. Ya so a ƙera kayan a gida, da hannun ƴan ƙasa. Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. Yau faifan sola sun shiga ƙauyuka, amma akasarinsu daga waje ake shigo da su, kuma yawancin gidaje da icce suke dafa tuwo.

Allah ya jiƙansa da rahama.