Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce

Tarihin da ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu ta zaɓo a wannan fitowa shi ne na marigayi Alhaji Abubakar Imam. Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makaranta bai ci karo da sunansa ba, amma kaɗan ne suka san yadda ya rayu da abin da ya sa littattafansa suka daɗe a hannun yara.

An haife shi a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, don haka da karatun allo ya fara. Daga baya aka kai shi Katsina ya shiga makarantar boko. A 1927 ya sami shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin wannan aiki ne, a 1933, wani Bature mai suna Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labaran ƙirƙira da Hausar boko, domin a lokacin yaran makaranta ba su da abin karantawa don nishaɗi. Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasarmu ta Kano, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Shekarun Imam 22 kacal a lokacin.

Sunan Ruwan Bagaja ba baƙo ba ne a kunnen ɗan ƙauye. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ɗambatta ko Bichi ko Makoɗa ya ji kakarsa tana ba da tatsuniyar 'yar bora da aka tura wanki a wannan ruwa mai nisa, ta sha wuya a hanya, ta dawo da arziki saboda ladabinta. Imam ya ɗauko sunan daga tsakar gida ya gina sabon labari a kansa. Tauraron littafin yaro ne da bai tashi a gaban mahaifinsa ba, wani limami da ya auri uwarsa shi ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Da ɗan sarki ya kwanta ciwo, limamin ya ce ruwan Bagaja zai warkar da shi, aka ƙaryata shi, aka wulaƙanta shi a gaban fada. Yaron ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan, ya yi shekaru yana yawon duniya, yana karo da abokin adawarsa Malam Zurƙe, har ya shiga ƙasar aljannu ya ɗebo ruwan ya kawo gida.

Yawancin masu karatu dariyar rikicin Malam Zurƙe suke tunawa. To amma a duba abin da ya fitar da yaron daga gida. Maraya ne da ya ga an ci mutuncin wanda ya maye masa gurbin uba, ya ƙi yarda a bar abin haka. Littafin ya nuna cewa wanda ya riƙe maraya da gaskiya uba ne, kuma maraya yana iya zama wanda zai ɗaga darajar gidan da ya rene shi. Shaihu Umar ma, wanda ya fito tare da shi, labarin yaro ne da ya rasa mahaifi, aka raba shi da mahaifiya, ita kuma ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Ke nan tun ranar da aka fara rubuta labaran Hausa a littafi, maraici yana cikin abin da marubuta suka sa gaba.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. Marubucin nan na Birtaniya, C.S. Lewis, ya rasa mahaifiyarsa a 1908 yana ɗan shekara tara. A 1955 ya fitar da littafin yara inda wani yaro ya shiga wata duniya ya samo tuffar da ta warkar da mahaifiyarsa mai jinya. Can tuffa ce, nan ruwa ne, amma buƙatar ɗaya ce: yaro yana son ya ga wani irinsa ya yi tafiya mai nisa ya dawo da magani.

A 1936 aka ɗauko Imam daga aji zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. Aka tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya sake ƙera su da sunaye da garuruwa da halayen Hausawa, ya haɗa da namu na gida. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, waziri kuma yana ƙulla makircin fitar da yaron don a hallaka shi. Kullum dare Musa ya yi shirin fita zuwa fagen yaƙi, sai aku ya soma ba shi labari, bai ankara ba gari ya waye. Da labari aka tsare ran yaron har uban ya dawo.

A watan Janairu na 1939 aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ya zama editanta, ya riƙe ta sama da shekara goma. Wannan ya shafe mu 'yan ƙungiyar jarida kai tsaye, domin shi ne ya share hanyar rubuta labarai da Hausa mai sauƙi wadda manomi zai ji ya gane idan aka karanta masa a dandali. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan ya bar jarida ya yi wakilci a majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata, ya kuma rubuta littattafan tarihin Musulunci. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70.

A kowane aji na makarantar nan akwai wanda ya rasa uwa ko uba, kuma ba kowa ne yake iya faɗin abin da ke ransa ba. Muna roƙon malamanmu na Hausa su riƙa ware lokaci ana karanta waɗannan littattafai a bayyane, a tattauna halin da yaran cikinsu suka shiga. Ɗalibi kuma da ya ari littafi ya mayar da shi lafiya, domin na bayansa ma yana jira. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.