Tarihin Rayuwar Sara Baartman: Shahara Ba Tare da Daraja Ba

Gabatarwa

Ba kowace shahara ce take jawo wa mai ita daraja ba. Akwai wanda sunansa yake cika gari saboda iliminsa ko jaruntakarsa, akwai kuma wanda jama'a suke tururuwa su gan shi domin kawai su ba idanunsu abinci. A cikin kashi na biyun nan babu wadda labarinta ya kai na Sara Baartman ban tausayi, watau matar nan ta Afirka ta Kudu wadda aka mayar da halittar jikinta hajar sayarwa a ƙasashen Turai.

Asalinta

An haifi Sara a ƙarshen ƙarni na 18 a gabashin lardin Kef, cikin al'ummar Koikoi, waɗanda asalinsu makiyaya ne. A wannan zamani Turawan Holan sun riga sun ƙwace makiyayarsu, har ya zama yawancinsu sun koma barori a gonakin baƙin. Da ta tasa sai aka kai ta birnin Keftawun, inda ta yi aikatau a gidan wani mutum mai suna Hendrik Cesars. A can ne wani likitan soja Bature, Alexander Dunlop, ya ga cewa girman mazaunanta, wanda ba baƙon abu ba ne a wurin matan ƙabilarta, zai iya zama hanyar samun kuɗi a Ingila. A cikin shekara ta 1810 mutanen nan biyu suka sa ta a jirgin ruwa sai birnin Landan.

Zamanta a Ingila

A unguwar Piccadilly aka kama wuri, aka riƙa nuna ta a kan dandamali. Kuɗin shiga sule biyu ne, watau fataka guda. Aka laƙaba mata suna Hottentot Venus. Kalmar farko sunan reni ce da Turawa suke kiran mutanenta da ita, ta biyun kuwa sunan gunkiyar kyau ce ta Rumawa, saboda haka haɗa su wuri ɗaya ba'a ce tsantsa. Akan sa mata tufafi masu kama jiki, masu launin fatarta, a umurce ta ta yi tafiya, ta juya, ta zauna. Masu kallo, maza da mata, wasu har sukan mintsine ta ko su tsokane ta da tsinin laima domin su tabbata ba ciko aka yi ba. Nan da nan sunanta ya cika gari, masu zanen barkwanci suka yi ta zana ta, mawaƙan titi suka sa ta a waƙa. Amma dai zancen bai wuce na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Shekara uku ke nan da Ingila ta haramta cinikin bayi, watau a 1807, don haka masu yaƙi da bauta, irin su Zachary Macaulay, suka kai ƙara kotu a watan Nuwamba na 1810. Aka yi mata tambayoyi da harshen Holan har na tsawon sa'o'i. Ta amsa cewa da yardarta ta zo, an kuma yi mata alkawarin rabin riba, ba ta kuwa son komawa gida a lokacin. Da jin haka kotu ta kori ƙarar.

A nan ne ƙullin labarin yake. Har yau masana suna jayayya a kan wannan amsa tata. Wasu suna ganin ya kamata a karɓi maganarta, domin ita ma mutum ce mai hankali da ta nemi mafita daga talaucin aikatau. Wasu kuwa suna tambaya, wace irin yarda ce za a samu daga baƙuwar da ba ta da dangi a ƙasar, ba ta iya karanta takardar yarjejeniyar da aka nuna wa kotu ba, ci da shanta kuma suna hannun waɗanda ake ƙara? Abin lura shi ne, su ma masu neman ceton nata sun fi yin magana a kanta bisa ga yin magana da ita.

Ƙarshenta a Faransa

Bayan an yi mata baftisma a birnin Manchester a watan Disamba na 1811, an ci gaba da yawo da ita gari gari. A 1814 aka ƙetare da ita zuwa birnin Paris, inda ta faɗa hannun wani mai wasa da namun daji, ana ce da shi Réaux. A watan Maris na 1815 aka kai ta gaban masana halittu, cikinsu har da shahararren nan Georges Cuvier. Sun so ta tuɓe gaba ɗaya, ita kuwa ta ƙi, ko da aka miƙa mata kuɗi. Wannan ƙin da ta yi ya nuna cewa duk da shekarun wulaƙanci, ba ta rabu da kunyarta da sanin mutuncin kanta ba.

Ta rasu a ƙarshen watan Disamba na 1815. Abin da ta hana su tana da rai, shi suka ɗauka bayan ta mutu. Cuvier ya sa aka yi gunkin surar jikinta, sa'an nan ya feɗe gawar, ya adana ƙwaƙwalwarta da al'aurarta a cikin kwalabe, ya kuma haɗa ƙasusuwanta. A rahoton da ya buga a 1817 ya yarda cewa tana da kaifin tunawa, tana jin harshen Holan sosai, da ɗan Ingilishi da Faransanci, amma duk da haka ya kamanta ta da birai. Da irin wannan rubutu aka riƙa kafa hujjar cewa baƙar fata yana ƙasa da Bature a halitta. Ƙasusuwanta da gunkin nan sun zauna a gidan tarihi na Paris ana kallonsu har zuwa tsakiyar shekarun 1970.

Komawa gida

Da mulkin wariyar launin fata ya faɗi a 1994, Shugaba Nelson Mandela ya nemi Faransa ta mayar da ita. Faransa ta yi ta jan ƙafa, sai a 2002 majalisarta ta yi doka ta musamman. Ran 9 ga Agusta na wannan shekara, wadda ita ce ranar mata a Afirka ta Kudu, aka binne ta a garin Hankey, kusa da kogin Gamtoos, shekara 192 bayan fitarta daga ƙasar.

Kammalawa

Masu fafutukar 'yancin mata sun ɗauki Sara a matsayin misali na yadda ake raba mace da jikinta, a mayar da shi abin kallo da ciniki. Dandamalin Piccadilly ya daɗe da rushewa, amma ɗabi'ar auna darajar mace da surarta tana nan, sai dai ta koma cikin finafinai da tallace-tallace da wayoyin hannu. Dubban mutane sun biya kuɗi sun kalli Sara, kaɗan ne ƙwarai suka tambaye ta abin da yake zuciyarta. Wanda ya karanta tarihinta ya kamata ya tuna da haka duk sa'ad da ya ga ana yayata wata mace saboda jikinta, ya tambayi kansa wa yake shan bugun, wa kuma yake karɓar kuɗin.