Joseph Black: Likitan Da Ya Gano Inda Zafi Ke Ɓuya

An haifi Joseph Black ranar 16 ga Afrilu, 1728, a birnin Bordeaux na ƙasar Faransa, inda mahaifinsa, mutumin Belfast, yake kasuwanci. Ya fara karatun likita a Jami'ar Glasgow da ke Sikotland a hannun William Cullen, ya kuma kammala a Edinburgh a 1754. A binciken kammala karatun nan ne ya gano iskar da a yau ake kira kabon dayoksaid.

Bayan ya koma Glasgow koyarwa a 1756, sai batun ƙanƙara ya ɗauke masa hankali. Masanan zamaninsa sun ɗauka cewa da zarar ƙanƙara ta kai matakin narkewa, ɗan zafi kaɗan ya isa ya mayar da ita ruwa. Black ya ce da haka ne, da dusar ƙanƙarar da ke taruwa da hunturu ta narke farat ɗaya ranar da ɗumi ya shigo, ambaliya ta share garuruwa. Alhali kuwa a hankali take narkewa.

Wajen 1761 ya tabbatar da dalili ta hanyar gwaji. Muddin ƙanƙara tana narkewa, ma'aunin zafi ba ya motsawa, ko da tana ta shan zafi, domin zafin yana tafiya ne wajen sauya ta zuwa ruwa. Shi ya raɗa wa wannan suna ɓoyayyen zafi. A lissafin yau, zafin da ke narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80 a ma'aunin Salshiyos. Mayar da tafasasshen ruwa tururi kuwa yana cin fiye da ninki biyar na zafin da ya kai shi tafasa daga digiri 0.

Wannan ne sirrin gumi da ke sanyaya jiki, da randar ƙasa da ke sanyaya ruwa: abin da ya tsatso ya bi iska yana tafiya da zafi. A kan haka firiji ma yake aiki. James Watt, mai gyaran kayan awo a jami'ar, ya tattauna batun da Black lokacin da yake inganta injin tururi, Black kuma ya tallafa masa da rance.

A 1766 ya gaji kujerar Cullen a Edinburgh, inda ɗalibai daga Turai da Amurka suka riƙa cika ajinsa sama da shekara talatin. Bai taɓa wallafa cikakken bayanin ɓoyayyen zafi da hannunsa ba, sai ta bakin ɗalibansa ilimin ya bazu. Ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1799, bai yi aure ba. A 1803 ne tsohon ɗalibinsa John Robison ya tattara laccocinsa ya buga su.