Lorenz Frølich, Mai Zanen Labarun Kakanni

An haifi Lorenz Frølich a Kopanhagan, babban birnin Danmak, ran 25 ga Oktoba, 1820. Ya koyi zane a Jamus da Rum da Faris.

Mutanen Danmak suna da labarun kakanninsu, na sarakuna da jarumawa, da na alloli irin su Odin da Thor waɗanda aka bauta wa kafin zuwan Bishara. Frølich ya ba waɗannan labaru fuska. Ya zana surori a littafin tarihin ƙasar wanda Fabricius ya rubuta domin talakawa, har yaro da bai iya karatu ba ya ga kamannin magabatansa.

Domin kotun Flensborg ya zana Sarki Valdemar yana ba da dokar Jutland. Amma a yaƙin 1864 Furusiya da Ostiriya suka ci Danmak, garin kuwa ya fita daga hannunta. Muna gani wannan asara ta ƙara wa tsofaffin labarun daraja, gama su ba a ƙwace su da bindiga.

Da tsufansa, a 1895, ya zana surorin waƙoƙin Edda. Ya rasu a 1908, daidai ranar haihuwarsa, yana da shekara 88.