Ramprasad Sen: Akawun da ya cika littafin lissafi da waƙoƙin Uwa

A daren bikin Kali, wanda kan faɗo tsakanin Oktoba da Nuwamba, da wuya a ratsa wata unguwar mabiya addinin Hindu a birnin Kalkata ba a ji waƙar Ramprasad Sen tana tashi ba. Shekara kusan 250 ke nan da mutuwarsa, amma manoma da 'yan tireda da malaman jami'a na yankin Bengal, wanda a yau ya rabu tsakanin Indiya da Bangaladesh, suna rera baitocinsa da ka. Mutumin da ya bar wannan gado akawu ne wanda aikin ofis ya gagare shi.

An haife shi a wajajen 1720 a Halisahar, wani gari da ke bakin Kogin Hugli, arewa da Kalkata. Mahaifinsa, Ramram Sen, mai maganin gargajiya ne kuma masanin harshen Sanskrit, harshen littattafan addinin Hindu. Yaron ya karanci Sanskrit, sannan ya koyi Farisanci, domin a zamanin sarakunan Musulmi na Bengal da Farisanci ake rubuta takardun kotu da na haraji, kuma wanda bai iya shi ba ba ya samun aikin alƙalami. Ya yi aure da wata mai suna Sarbani. Da mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa, sai ya tafi Kalkata ya kama aikin akawu a gidan wani attajiri.

Labarin da ya fi shahara a rayuwarsa daga wannan ofis ya fito. Kamar yadda mabiyansa ke bayarwa, abokan aikinsa sun lura cewa gefen shafukan littafin lissafi ya cika da sunan Kali da baitocin yabonta, suka kai ƙara wurin maigida. Attajirin ya buɗe littafin, ya ci karo da wata waƙa inda akawun ke roƙon Uwa ta naɗa shi ma'ajinta, yana ba ta tabbacin cewa ba zai ci amana ba. Waƙar ta taɓa zuciyarsa. Ya sallami Ramprasad ya koma garinsu, ya kuma yanka masa rufi 30 a kowane wata don ya zauna ya yi ta waƙa.

Kali abar bauta ce mace a addinin Hindu, kuma masu bauta mata suna ɗaukar ta a matsayin uwar halitta duka. Siffarta mai ban tsoro ce: baƙa wuluk, harshe a waje, hannuwa huɗu, takobi a ɗaya daga cikinsu, sarƙar ƙoƙunan kai a wuya. Ana kiran ta Shyama, wato baƙa, ana kuma kiran ta Tara, sunan da mabiya addinin Buddha a Tibet su ma suke kiran uwar da suke neman ceto a wurinta. Kafin Ramprasad, bautar Kali ta fi ƙarfi a hannun malamai masu karanta addu'o'in Sanskrit da gudanar da ibadun asiri. Waƙoƙin bege da harshen Bengali kuwa akasarinsu na masu bauta wa Krishna ne. Ramprasad ya ɗauko salon waɗannan gajerun waƙoƙi ya juya shi ga Kali, ya yi mata magana da harshen kasuwa da na gona, irin yadda ɗa ke magana da mahaifiyarsa.

Wanda ya taɓa riƙe littafin bashi zai gane duniyar waƙoƙinsa nan take. Akwai inda yake kwatanta kansa da wanda aka kai ƙara kotu ba shi da kuɗin lauya. Akwai inda rayuwar ɗan Adam ta zama gona mai albarka da aka bari ta zama saura. A wata waƙar shi sa ne da aka ɗaure wa idanu yana zagaya injin matse mai, a wata kuma Uwa ce ke wasa da rayuka kamar yadda yaro ke sakin takarda a iska da zare. Yana yi mata ƙorafi, yana zargin ta da son kai wajen rabon arziki, yana barazanar daina kiran ta uwa, sannan ya dawo ya faɗi a gabanta. A baitin ƙarshe yakan ambaci sunansa, tamkar mai sa hannu a ƙasan takardar koke.

Wannan ƙorafi yana da tushe a abin da idonsa ya gani. A shekarun 1740 mahayan Maratha sun yi ta kai hari yammacin Bengal suna wawushe ƙauyuka. A 1757 Kamfanin East India na Ingila ya kayar da Nawab Siraj ud-Daulah a yaƙin Palashi, a 1765 kuma ya karɓi ikon tara harajin ƙasar. Daga 1769 zuwa 1770 aka yi yunwar da ake ƙiyasta ta hallaka kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin, kamfanin kuwa bai sassauta karɓar haraji ba. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a wannan shekara sun sami mawaƙin da ya yarda ya tambayi Uwa dalilin da ya sa take barin 'ya'yanta da yunwa, ba tare da ya saki hannunta ba.

Sunansa ya kai fadar Raja Krishnachandra Ray na Nadiya, basaraken da ya yi fice wajen ɗaukar nauyin malamai da mawaƙa da kuma yaɗa bikin Kali. Sarkin ya ba shi filin noma da ba a biyan haraji a kansa, ya kuma yi masa laƙabin Kabiranjan, ma'ana mai faranta ran mawaƙa. Ramprasad ya rubuta doguwar waƙar labarin soyayya mai suna Bidyasundar, da wasu ayyuka irin su Kalikirtan da Krishnakirtan. Sai dai bai tare a fada ba, ya ci gaba da zama a Halisahar. Dogayen ayyukan nan yau sai manazarta ke buɗe su. Gajerun waƙoƙin da yake rerawa a bakin kogi su ne suka rayu, tare da karin da ya ƙirƙira daga haɗa kiɗan fada da na karkara, wanda har yanzu ake kira Ramprasadi.

A garin nasu akwai wani mawaƙi mai bauta wa Krishna, Aju Gosain, wanda ya shahara da mayar masa da martani cikin ba'a, yana juya ma'anar baitocinsa. Mutanen Bengal sun adana wannan zambo tare da waƙoƙin da aka yi wa shi.

Ya mutu a wajajen 1775. Mabiyansa suna cewa washegarin bikin Kali ne, lokacin da ake kai mutum-mutuminta na yumɓu a nutsar a kogi kamar yadda al'ada ta tanada, ya shiga ruwan yana waƙa, a nan ransa ya fita.

Kusan shekara 80 waƙoƙin suna yawo daga baki zuwa baki, har sai da mawaƙi kuma ɗan jarida Ishwar Chandra Gupta ya bi ƙauyuka ya tattara su, ya buga su tare da tarihin mai su a jaridarsa Sambad Prabhakar a 1853. Ramakrishna, shahararren mai ibada na wurin bautar Kali da ke Dakshineswar wanda ya rasu a 1886, ya riƙa rera su ga almajiransa. Salon da Ramprasad ya buɗe, wanda ake kira Shyama Sangit, ya ja mawaƙa da yawa bayansa, ciki har da Kazi Nazrul Islam, Musulmin da Bangaladesh ta ɗauka a matsayin mawaƙin ƙasa, wanda ya rubuta waƙoƙi masu yawa a wannan fanni.

Filin gidansa a Halisahar yana nan, an gina wurin bauta a kai. Duk shekara a daren bikin Kali jama'a kan taru a wurin, su kwana suna rera koke-koken akawun har gari ya waye.